A TAMBAYI ƘASA KAFIN A AZA HARSASHI

(Wannan shi ne jawabin da jami'inmu na raya karkara ya gabatar a taron kwamitocin ayyuka da magina na yankin Burkusuma, wanda aka yi a Sabon Birni. Mun buga shi dukansa domin amfanin ikilisiyoyi da ƙauyukan da ke shirin yin gini.)

Mun gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, domin duk wanda ya biyo hanya yau ya san halartar taro a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne.

An ce in yi magana a kan harsashin gini, musamman irin wanda ake kafa wa turaku a cikin ƙasa. Ni ba injiniya ba ne, difloma gare ni, kuma a gaban magina nake tsaye waɗanda suka riƙe cebur tun ban san hannun damana ba. Saboda haka inda na yi kuskure, iyayena, a gyara mini.

ABIN DA YA SAME MU

Zan fara da laifinmu kafin in taɓa na wani. Shekarun baya mun gina ɗakin shan magani mai ɗaki uku a wani ƙauye da ke bakin fadama. Mata ne suka tara kason farko na kuɗin, matasa suka ɗebo yashi da ruwa, mu kuma muka kawo siminti da kwano. Zanen ginin daga wata jiha aka aiko mana da shi, inda ƙasarsu dutse ce. A takarda an ce a haƙa fandisho ƙafa 2. Muka haƙa ƙafa 2.

Ranar da ake haƙar, wani tsohon magini ya ɗebi ƙasar ramin, ya jiƙa ta, ya murza a tafin hannu, ya ce mini, "Ɗana, wannan laka ce mai numfashi, ba za ta riƙe muku bulo ba." Na ce, "Baba, haka aka rubuta a takarda." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara cewa komai ba.

Bayan damina ta farko ƙofa ta daina rufuwa. Bayan ta biyu bango ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, ana zura hannu a ciki. A ta uku ungozoma ta ƙi karɓar haihuwa a ɗakin, kuma gaskiyarta. Ni aka tura in yi wa matan nan bayani. Wata tsohuwa ta tambaye ni, "Malam, simintin ne aka rage?" Ba a rage siminti ba ko buhu ɗaya. Ƙasar ce ba mu tambaya ba, kuma wanda ya san ta ya faɗa mana, muka ƙi ji.

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa kun fi ni saninsa. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda hare-hare. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu 2020 ba, da harin da aka kai wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma a watan Satumba 2021. Inda duk jama'a suka samu damar komawa, abin da suke fara nema shi ne aji, da ɗakin magani, da rumbun hatsi na gari. Kuɗin da za a samu sau ɗaya ne. Ba mu da halin gina abu guda sau biyu.

ƘASARMU BA IRI ƊAYA BA CE

Gulbin Bunsuru da na Gagare da suke gangarowa daga wajen Katsina da Zamfara, da Gulbin Maraɗi da ke ratsowa ta Nijar, duk a wannan yanki namu suke tara ruwansu cikin Gulbin Rima, ya wuce Goronyo da Wurno zuwa Sakkwato. Shekara da shekaru waɗannan gulabe suna shimfiɗa yashi, su rufe shi da laka, su sake hanya, su kuma shimfiɗa wani. Shi ya sa za ka haƙa rami a nan ka tarar da yashi, ka yi taku 50 ka haƙa wani ka tarar da baƙar laka.

Masana ƙasa ma da sunayen garuruwanmu suke kiran shimfiɗun da ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Akwai shimfiɗar Gundumi mai yashi da tsakuwa da yumɓu, akwai ta Taloka, da ta Dukamaje, da ta Wurno, da ta Dange, da ta Kalambaina mai farin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Wato ilimin da ke cikin littattafansu daga rijiyoyinmu da kwazazzabanmu aka ɗebo shi.

Ga magini, ƙasarmu kashi huɗu ce:

1. Tudu mai burji ko marmara. Wannan ita ce mai daɗin gini. Fandisho na yau da kullum ya isa, kada kowa ya ɓata kuɗi a kan turaku.

2. Jigawa. Idan yashin a danne yake, yana ɗaukar gini sosai, sai dai a faɗaɗa fandisho, a kuma hana ruwan indararo ya riƙa cin gindin bango.

3. Lakar fadama, wadda ke dararrabewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ita ce mai numfashin da baba ya faɗa.

4. Bakin gulbi da tsohon kududdufin da aka cike da shara. Na farko ruwa yana kwashe shi daga ƙasa, na biyu kuma yana lotsawa a hankali shekara da shekaru.

A kashi na 3 da na 4 ne maganar turaku take tasowa.

YADDA LAKA KE KARYA GINI

Ruwan samanmu na shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Sauran watanni rana ce da iska. Da damina laka ta sha ruwa ta kumbura, ta ɗaga abin da ke kanta. Da rani ta bushe ta tsuke, ta sauke shi. Da a ce ginin duka yake tashi ya sauka tare, da ba matsala. Amma gefen gini yana jiƙa ya bushe da sauri, tsakiyarsa kuwa tana ƙarƙashin inuwa, ba ta canzawa sosai. Sai gefe ya motsa, tsakiya ta tsaya. Bulo da siminti ba su san lanƙwasa ba, sai su tsage. Hausawa kuma sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka.

Abin lura shi ne wannan motsi a sama yake. Idan aka yi ƙasa kamar mita 3, danshin wurin kusan ɗaya ne rani da damina, ƙasar ba ta motsi. Duk hikimar turke ita ce a tsallake ƙasar da ke motsi, a dora nauyin gini a kan wadda ba ta motsi.

MENE NE TURKEN HARSASHI?

Ginshiƙi ne siriri mai tsawo, na kankare ko ƙarfe ko itace, da ake kafawa cikin ƙasa, gini ya zauna a kansa. Hanya biyu yake ɗaukar nauyi. Ko dai gindinsa ya taka ƙasa mai tauri, kamar mutum ya tsaya a gulbi ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ko kuma ƙasar da ke kewaye da shi ta riƙe jikinsa, kamar yadda turken doki yake ƙin fita ko da bai taɓa dutse ba. Yawanci duka biyun ne suke aiki tare.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Birnin Banis na ƙasar Italiya a kan turakun itace yake zaune cikin taɓo tun ɗaruruwan shekaru. Fadar sarki da ke Amsterdam a ƙasar Holan, wadda aka fara ginawa a 1648, tana kan turakun itace 13,659. A Makoko ta Legas da Ganbiye ta Jamhuriyar Benin masunta suna zaune a kan ruwa bisa turaku. Mu ma a nan, wa ya taɓa ganin an ɗora rumbu a ƙasa tsirara? A kan duwatsu ake ɗora shi, a bar iska tana ratsawa ta ƙasa, saboda danshi da gara.

Amma a kula. Itacen Banis bai ruɓe ba ne domin kullum yana nutse, iska ba ta samunsa. A fadamarmu ruwan ƙasa yana hawa da damina ya sauka da rani, itace ya jiƙa ya bushe, ga kuma gara. Ko azarar giginya da muke yabo a rufi, ba zan ba da shawarar a binne ta a ƙarƙashin ginin bulo ba. Abin da ya yi a Italiya ba lalle ya yi a Gobir ba. Wannan shi ne kan maganata.

WANDA YA FI DACEWA DA MU

A manyan ayyuka irin gadojin Legas, inji ne yake buga turaku ko ya haƙa su mita da yawa. Mu kuwa wane ɗan kwangila zai ɗauko irin wannan inji ya biyo hanyar Isa a halin da ake ciki? Ko ya yarda, kuɗin ɗaukowa kaɗai ya cinye ginin.

Mutanen Indiya suna da baƙar laka irin tamu, har ta fi tamu yawa. A shekarun 1950 cibiyarsu ta binciken gine-gine da ke garin Rurki ta fito da gajeren turken kankare da ake haƙawa da hannu, mai ƙululu a gindi kamar albasa. Zurfinsa yakan kai mita 3 zuwa 3 da rabi, kaurin jikinsa ga ƙaramin gini santimita 20 zuwa 30, ƙululun kuma ya ninka jikin kamar sau 2 da rabi. Amfanin ƙululun biyu ne. Yana faɗaɗa wurin da nauyi ke sauka, kuma idan lakar sama ta kumbura ta kama turken za ta ɗaga shi, ƙululun ya riƙe shi a ƙasa.

Abin farin ciki shi ne kayan haƙar ba baƙi ba ne a wurinmu. Ƙarfen murɗa ƙasa da hannu, wanda masu rijiyar lambu ke aiki da shi a fadamun Rima da Gulbin Maraɗi, danginsa ne. Wata ƙungiyar agaji ta ikilisiyar Lutheran ta yi ƙoƙari wajen yaɗa irin wannan haƙa a Nijar tun shekarun 1980, shirin Fadama kuma ya yaɗa rijiyoyin bututu a Arewacin Najeriya daga farkon shekarun 1990. Yaran da suka iya wannan aiki suna nan cikinmu. Abin da ya rage shi ne ƙarfe mai fukafukai da ke buɗewa a gindin rami ya sassaƙa ƙululun, kuma mai walda da ya ga samfuri zai iya ƙera shi.

Ga yadda aikin yake a taƙaice:

1. Ana sa turke a kowace kusurwa, da duk inda bango ya haɗu da bango, sannan a jera sauran a ƙarƙashin bango, tazarar mita 1 da rabi zuwa 3 gwargwadon nauyin ginin.

2. Ramin ya tafi a miƙe. A kwashe ɓurɓushin ƙasa daga gindinsa, domin turken da ya zauna a kan ɓurɓushi zai lotsa.

3. Rodi ya tafi tun daga sama har gindi. Idan aka tsaya da shi a rabi don tsimi, laka za ta ja turken ta tsinka shi daidai inda rodin ya ƙare. A bar kankare kamar santimita 5 tsakanin rodi da ƙasa saboda tsatsa.

4. A zuba kankare ranar da aka gama ramin, kada ya kwana. A zuba a jere ba tsayawa, ana zungura da rodi don kada a bar kogo.

5. A haɗa kawunan turakun da bim na kankare, bango ya hau kan bim. A bar 'yar tazara kamar yatsu 3 zuwa 4 tsakanin bim da laka, don in ta kumbura ta samu wurin zuwa. Hikimar rumbu ke nan.

Wannan turke na laka ne. A cikin yashi mai ruwa ramin zai rufta, ƙululun ba zai tsaya ba. Nan sai an sa bututu ya riƙe bakin ramin, kuma aikin injiniya ne.

YADDA ZA MU TAMBAYI ƘASA

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a sayi bulo ko ɗaya, kwamiti ya yi waɗannan abubuwa. Ba sa cin kuɗi sai ɗan gumi.

Da farko a tambayi masu haƙar rijiya da masu haƙar kabari na garin. Su ne suka san a gaba nawa laka ta ƙare, a ina yashi ya fara, ina ruwa yake tsayawa a watan Agusta, ina yake komawa a watan Afrilu. A tambayi tsofaffi inda ruwan 2010 ya tsaya.

Na biyu, a zaga a dubi gine-ginen maƙwabta. Idan bangayen bulo na unguwar duk sun tsage a karkace daga kusurwar taga, ƙasa ta riga ta ba da amsa.

Na uku, a haƙa ramin gwaji aƙalla biyu a filin, a kuma murɗa ƙasa da ƙarfe har mita 3 ko 4, a jera abin da ya fito a kan buhu bi da bi. A jiƙa kowace ƙasa a murza. Wadda ta yi igiya mai tsawo ba ta karye ba, tana sheƙi, in ta bushe ta yi tauri kamar dutse, laka ce. A zuba wata a kwalba da ruwa a girgiza. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka kuwa sai ta kwana ruwan bai washe ba. Ina roƙo, kada a tura yaro cikin ramin yashi da ya wuce ƙirji ba tare da an tokare bangon ramin ba. Yashi ba ya gargaɗi kafin ya rufta.

Na huɗu, idan za a yi turaku, a fara yin guda ɗaya na gwaji. Bayan kwana 28 a ɗora masa buhunan yashi da suka kai nauyin da zai ɗauka da ƙarin rabi, a sa alama, a bar shi kwana ɗaya a ga ko ya nutse.

KANKARE A ƘASA MAI ZAFI

Buhun siminti kilo 50 ne, kimanin kwanon sarki 2. Ga turke, kada a wuce kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa a buhu ɗaya. In da hali, 3 da 6 ya fi. Yashi ya zama mai kaushi na gulbi, wanda in ka damƙa a hannu ba ya barin taɓo. Rairayin da iska ta tara ya yi laushi da yawa. Tsakuwar dutse mai ƙarfi tana da wuya a nan, sai an nufi wajen Zamfara, saboda haka in da tsakuwar gida za a yi, a tankaɗe ta a wanke, a zubar da wadda ke murƙushewa a ƙarƙashin guduma cikin sauƙi. Ruwan kwaɓi ya zama wanda za ka iya sha. Ruwan kanwa yana cin kankare da rodi. Kada lebura ya ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi, ƙarfin yake ragewa.

A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. A zuba kankare da sassafe ko da yamma. A rufe bim da tsofaffin buhuna ko jiƙaƙƙen yashi, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Na san wahalar ruwa da rani, kuma na san iyayenmu mata da yara ne ke ɗebowa. Saboda haka a sa ruwan bayi cikin lissafi tun farko, a raba kwanaki, kada a bar shi ga wanda ya ga dama.

Bayan an gama, a yi daɓe mai gangare kamar mita 1 kewaye da ginin, ruwan kwano ya tafi nesa. Dogon yaro kuma a dasa shi nesa da bango, domin saiwarsa tana tsotse danshin laka ta gefe ɗaya.

INDA YA KAMATA MU TSAYA

A watan Satumba 2010, lokacin da ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima daga Goronyo zuwa Sakkwato, har hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari ya yanke a wajen gada. Idan ruwa ya yi wa aikin gwamnati haka, me zai yi wa namu? Ruwa mai gudu yana kwashe yashin gindin ginshiƙi, ya bar shi a rataye. Don haka gada, da babban kwalbati, da bene, da hasumiyar tankin ruwa, ba aikin kwamiti ba ne. A nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, a kai ƙasar ɗakin gwaji a Sakkwato. Ko a ƙaramin gini ma, yawan turaku da girman rodi, injiniya ne zai sa hannu. Mu dai mu kai masa labarin ƙasarmu na gaskiya, kada ya zana mana daga ofis.

ROƘO GA IYAYENMU

Ranku ya daɗe, ina neman afuwa, akwai magana ɗaya da ta rage. Sau da yawa idan aka nemi filin makaranta ko ɗakin magani, filin da ba mai so ake bayarwa: bakin fadama, ko tsohon kududdufi. Na san fili yana da wuya, kuma kowa yana da 'ya'ya. Amma turke mafi araha shi ne wanda ba a bukace shi ba. Idan aka matsa da ginin taku 200 zuwa tudu, kuɗin da zai shiga ƙasa sai ya zama benci da magani. Sai inda babu tudu sam za mu koma ga turaku.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan ikilisiya kuma, misalin magina biyu da ke cikin Luka sura 6 mun sha yin wa'azi a kansa. Mai hikimar nan haƙa ya yi, ya yi zurfi, kafin ya aza. Mun iya faɗarsa a bagadi, ya kamata mu iya shi a wurin aiki. Kuɗin da ke hannunmu amana ce ta gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi, kuma za a tambaye mu.

Daga yanzu, duk aikin da sashenmu zai sa hannu a ciki, ba za a saki kuɗin siminti ba sai kwamiti ya kawo takarda ɗaya mai nuna ramukan gwaji, da abin da aka samu a kowane zurfi, da sa hannun magini da mai haƙar rijiya na garin. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Mu za mu kai takardar ga injiniya. Tun ran gini, ran zane.

Tsohon maginin da na ba ku labari ya riga mu gidan gaskiya. Ban samu na koma na ce masa ya yi gaskiya ba. Ire-irensa suna zaune a wannan ɗaki, ina roƙonsu idan sun ga mun kauce kada su ce mana "Allah ya ba da sa'a" su yi shiru. Su tsayar da aikin har sai mun saurara.

Bayan an sha ruwa za mu fita bayan ɗakin nan, akwai ƙarfen haƙa da kwalabe, kowane kwamiti zai gwada da hannunsa.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da waɗanda ke gudun hijira gidajensu, ya mai da kowa gida lafiya.